Karen Mama Sista da Ƙarangiyar Roni

Na fi shekara ashirin ina kitso a Kazaure. Kawunan amare, na masu jego, na 'yan makaranta da na matan manya, babu irin wanda bai kwanta a cinyata ba. Amma idan aka ce in faɗi kai guda da ba zai taɓa fita daga raina ba har ranar da ƙasa za ta rufe idona, to ba kan mutum ba ne, kan kare ne. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan ƙarangiya ta kama gefen zanena sai in tsaya ina cirewa ina dariya ni kaɗai, wanda ya gan ni ya ɗauka na fara zautuwa.

Karen ba nawa ba ne, na makwabciyarmu ne, wata dattijuwa da kowa a unguwa yake kira Mama Sista. Mutuniyar wajen Jos ce, Kirista, ta zo Kazaure aikin ungozoma tun tana budurwa, ta yi aure a nan, ta tsufa a nan. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana huɗu, kuma ranar haihuwar autana, da abu ya zo da gardama har aka fara cire rai da ni, ita ta tsaya a kaina ba ta ko zauna ba sai da ta ji kukan jariri. Bayan ta bar aiki mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aiki a ƙasar waje, sannan yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Haske da inuwa kawai take bambancewa.

'Yar ce ta kawo mata karen a wani zuwa da ta yi, don ya ɗebe mata kewa. Ranar da na fara ganinsa na shiga yi wa Mama kitso, sai na hango wani tulin gashi a ƙasan kujera. Na ɗauka gashin kanti ne da ake ƙara wa kitso ya faɗo daga leda, har na sunkuya zan ɗauka. Sai gashin ya yi atishawa. Saura kaɗan in bar takalmina a falon.

Mu a nan mun san kare na farauta, mun san na gadi, dogo mai ƙashi wanda yake kwana a waje. Amma wannan bai fi mage ba, gashinsa yana jan ƙasa har ba ka ganin ƙafafunsa, an ɗaure masa tukku a tsakar ka da roba ja. Matan unguwa sun yi ta magana a kansa, ni ma ban da bakin musu, na sa nawa. Mama ba ta damu ba. Ta sa masa suna Zaki, ta ce sunan irinsu shi-zu, kuma da yaren mutanen Sin ma'anarsa ke nan, zaki. Na dube shi yana minshari a kan tayil, na ce Allah mai iko, wannan zakin ko zakara ya isa ya kore shi daga unguwa.

Duk ranar Asabar nakan je yi mata kitso, a nan nake shan labarinsa. Ta ce asalinsu daga wata ƙasa ce mai duwatsu da sanyi da ake kira Tibet, daga can ake kai wa sarakunan Sin su kyauta. A cikin fada suke rayuwa, ba farauta ba gadi, aikinsu kawai su kwanta a ƙafar mai sarauta su ɗumama ta. A wancan zamani ba a kai su kasuwa, sai wanda sarki ya ga dama ya ba shi. Da sarautar ta rushe sun kusa ƙarewa, 'yan kaɗan da Turawa suka tafi da su ƙasashensu ne suka hayayyafa, har jikan jikansu ya zo yana minshari a Kazaure.

Abin da ya fi jan hankalina, da yake sana'ata ce, shi ne yadda take taje shi. Kullum da safe takan ɗora shi a cinya, ta fesa masa ruwa kaɗan daga wata 'yar kwalba, ta raba gashin layi-layi da yatsa, ta fara daga bakin gashi tana hawa a hankali har tushe. Ta ce gashin hawa biyu ne, akwai na sama mai tsawo, akwai na ƙasa mai laushi kamar auduga, kuma idan aka yi kwana biyu ba a taje ba na ƙasan ne yake dunƙulewa ya riƙa jan fata. Ta goge masa gefen ido da tsumma mai ɗumi, ta sake ɗaure tukkun don kada gashi ya shiga idonsa. Duk wannan da hannu take yi, idonta yana kallon bango.

Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wace mace ce take taje gashi ba mai? Tun muna yara aka koya mana cewa busasshen gashi karyewa yake yi. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Mama, da kin bari na kawo miki man kaɗanya, gashin nan zai fi haka kwanciya."

Ta yi dariya ta ce, "Wannan kanki ne, 'yata, ba nasa ba. Shi ruwa da mataji sun ishe shi."

Na ce to, amma a zuciyata na ce tsohuwa ta san allura da haihuwa, gashi kuwa ni ce gwanarsa. A lokacin kaina ya yi girma ƙwarai, don har daga Babura ake ɗauko ni kitson amare.

Shekara huɗu da zuwan Zaki, da kaka, 'yar Mama ta shirya a yi mata aikin ido a Kano. Za ta kwana bakwai a can wajen wasu 'yan uwanta, saboda likita yana so ya sake duba idon kafin ta dawo. Ana gobe za ta tafi ta kira ni, ta damƙa mini makullin gidanta da wata jaka mai ɗauke da mataji na ƙarfe, da buroshi, da kwalbar fesa ruwa, da robobin tukku. Sai ta kama hannuna ta ce, "Shekara huɗu ina taje yaron nan ban taɓa ganinsa ba. Tun bara na hana a rage masa gashi sai na ciki saboda zafi. So nake ranar da na dawo da idona in gan shi yadda hannuna ya san shi. Ki yi masa yadda kika ga ina yi, kada ki ƙara kada ki rage."

Na ce in sha Allahu ko gashi ɗaya ba za ta samu ya ɓata ba. Baban yara da na gaya masa ya ce amanar makwabci amana ce, amma sharaɗi biyu: kada karen ya shigo masa gida, kuma kada in sa shi a cikin lamarin ko da na miƙa ruwa ne.

Kwana uku ina bin ƙa'ida. Safe da yamma in shiga gidan Mama, in ba shi abinci, in zauna kusan awa guda ina tajewa, in fito in wanke hannu. Ita kuma kullum bayan azahar sai ta bugo waya ta tambayi lafiyarsa kafin ta tambayi tawa. Matsalar ita ce ƙanwata ta haihu a gidanmu na Roni, haihuwar fari, kuma suna ya faɗo rana ta biyar da tafiyar Mama. Ni ce babbar ya, ni zan yi wa mai jego kitso, dole in tafi ana gobe suna in kwana biyu a can. Babu wanda zan bar wa Zaki, kuma na san a cikin hidimar suna ba zan sami awa guda ta tajewa ba.

Sai dabarar da nake yi wa 'ya'yana mata idan za mu yi tafiya ta faɗo mini. In shafe kai da mai, in yi kalaba, shi ke nan an huta da mataji har a dawo. Na ɗebo man kaɗanya mai kyau na narkar da shi a tafin hannu, na bi gashin Zaki da shi tun daga wuya har wutsiya. Na yarfa masa kalaba goma sha biyu, shida a kowane gefe, har na sa masa duwatsun ado a bakin biyu na gaba. Da na gama na ja baya na kalle shi yana sheƙi, na ce ina ma Mama tana nan ta ga yadda ake aiki.

Na sa shi a kwandon kasuwa na rufe da ɗankwali, muka shiga ƙaramar bas ta Roni. Ba mu yi nisa ba wani dattijo da ke gefena ya ce, "Baiwar Allah, zabuwar nan taki minshari take yi." Kafin in ba shi amsa Zaki ya turo kai da tukkunsa da duwatsunsa. Wata mata ta yi a'uziyya ta matsa har ta kusa hawa cinyar ta kusa da ita. Dattijon kuwa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi dai ya yi yawo har cikin Nijar, bai taɓa ganin an yi wa dabba kitso ba sai yau.

Innarmu mace ce mai tsauri, ta haifi tara ta raine su ba ta taɓa ɗaga murya sau biyu a kan magana ɗaya ba. Da ta leƙa kwandon sai ta dube ni ta ce, "Duk kayan barka da ke Kazaure kin rasa abin da za ki kawo wa jariri sai kare?" Na fara bayani ta ɗaga mini hannu. Ta ce a kai shi bayan gida gindin darbejiya kusa da rumbu, kada ta gan shi a inda ake salla ko inda ake girki. Na samo igiyar akuya na ɗaura masa a wuya, na ajiye masa ruwa da abinci, na koma kan mai jego.

Washegari aka raɗa suna, gida ya cika. Sai da hantsi ya yi sosai na tuna da shi, na zagaya da ɗan nama a hannu. Igiya tana nan, ƙullin da na yi yana nan bai kwance ba, sai maiƙo da yake yi. Wuyan da na shafe da man kaɗanya ya zame daga ciki kamar sabulu. A ƙasa ga sawun zabi, ga wasu 'yan ƙananan sawu suna bin su, sun nufi gonaki.

Na shiga gonar gero da kayan suna a jikina ina kiran "Zaki, Zaki," har wasu masu cirar gyaɗa suka ɗago suna tambayata ko lafiya. Na yi yawo har ƙafata ta yi zafi ban gan shi ba. Ina dawowa dab da azahar na tarar da Baffa, ƙanin babanmu, ya sauke kwandon gyaɗa a bayan gida. Ya ce, "Ga baƙonku nan. A bakin gonata na same shi ya kasa tafiya, na tura shi ciki da ƙotar fartanya."

Da ba don idanunsa biyu da suke kallona ba, da na rantse ba shi ba ne. Mai ya kama yashi, yashi ya kama ƙarangiya, ƙarangiya ta kama 'yar uwarta. Kalabar da nake taƙama da ita kowacce ta zama dunƙule kamar curin fura da aka mirgina a ƙaya. Gashin ƙafafunsa ya manne da na cikinsa, shi ya sa ya kasa takawa. Ko motsi ya yi sai ya yi ɗan kuka, don ƙayar tana sukar fatarsa. Tausayinsa ya kama ni, kunya ta rufe ni, don na san ba zabi suka yi masa wannan ba, ni ce.

Mutane suka taru, kowa da shawararsa, kuma duk shawarar ɗaya ce. Wanzamin da ya zo yi wa jariri aski yana nan bai tafi ba. Ya ce askarsa ba za ta taɓa kare ba ko da wasa, amma yana da wani tsohon almakashi da zai ba ni kyauta, in kwashe gashin tas kamar yadda ake yi wa tunkiya mai ƙazuwa. Baffa ya ce gashi ne, zai tsiro. Na karɓi almakashin, na kama wani dunƙule a bayan kunnensa na hagu na datse. Ya faɗo a tafin hannuna kamar ƙwan zabuwa, fatar wurin ta fito fili.

Ina riƙe da shi waya ta yi ƙara. Lokacin kiran Mama ya yi, ni kuwa na manta. Muryarta kamar ta yarinya, ta ce, "'Yata, an cire bandeji, likita ya ce ido ya yi kyau. Na ga layin tafin hannuna. Jibi da yamma muna tafe. Yaya Zakina?"

Almakashi a hannun dama, gashinsa a hannun hagu, na buɗe baki na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Mama."

Tana kashe waya na zauna a ƙasa da leshina na fashe da kuka, a gaban 'yan suna. Sai ga Inna ta zagayo. Ta tambayi abin da ya faru, na gaya mata komai, har maganar da Mama ta yi mini ranar da ta ba ni makulli. Inna ta ce, "Matar nan ce da ta tsaya a kanki ranar haihuwar auta?" Na ce ita ce. Inna tana asibitin a ranar, ta gani da idonta. Ta dubi kwandon ta dube ni ta ce, "Ajiye almakashin nan. Ke da kike cewa kin san gashi, ba ki san komai ba. A ɗora ruwa, a kawo mini karkashin da na daka."

Karkashin nan na miyar baƙi ne, wanda za a yi tuwon yamma da shi. Inna ta juye shi duka a wani tsohon baho da ruwan ɗumi, ta bar shi ya saki yauƙi. Kafin nan ta sa na wanke Zaki da sabulun salo har sau uku don man ya fita. Ta ce lokacin da suke 'yan mata suna zuwa gona, idan ƙarangiya ta shiga kansu ba a aske su, mahaifiyarsu takan jiƙa karkashi ta zuba musu, ƙayar ta riƙa zamewa da kanta. Na sha wanke kan mata da karkashi, amma ko a mafarki bai zo mini ba a ranar.

Bayan la'asar muka zauna. Inna ta ɗaura leda a hannayenta biyu don kada ta taɓa kare. Ba a jima ba ledar ta riƙa zamewa cikin yauƙi, ta yi tsaki ta cire ta jefar, ta ce ruwan wanke hannu bai ƙare a Roni ba. Goggonmu da ta zo kallo ta ga Inna ta sa hannu, ita ma ta gyara zane ta tsuguna. Sai ga matar Baffa. Mu huɗu muka kewaye baho, kowa ta kama kalaba ɗaya tana warwarewa da matsefi daga baki, tana zare ƙaya ɗaya-ɗaya tana jefawa a gwangwanin madara, kamar masu tsince wake.

Don in rage musu gajiya na riƙa ba su labarin da Mama ta ba ni, na fadar Sin da kyautar sarakuna, har da cewa a can akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai kula da irinsu. Inna ta ce, "To, a can barori ke taje shi, a nan ya samo uwar 'ya'ya tara." Daga nan duk sanda ya motsa sai ta ce, "Tsaya mana, ɗan sarakuna." Shi kuwa da ya ji zafin ƙayar yana raguwa sai ya ɗora haɓarsa a ƙafar Inna ya kama minshari. Ta kalle shi ta gefen ido, ba ta janye ƙafar ba.

Magariba ta tashe mu, washegari da safe muka koma, ba mu gama ba sai da rana ta take. Gwangwanin nan sau biyu ana zubarwa. Yatsunmu duk sun yi jini-jini. Baƙi kuwa miyar kuka suka sha, kuma har yau ƙanwata idan ta so tsokanata sai ta ce a sunan ɗanta kare ne ya ci miyar, shi kuma aka yi wa wankan jego.

Na dawo Kazaure na shanya shi a gaban fanka, na taje shi layi-layi yadda Mama take yi, ba mai ba komai. Wallahi gashin ya fi da laushi, yana zuba kamar zaren siliki. Abin da ya rage shi ne ramin nan na bayan kunne, faɗin bakin kofin shayi. A nan gwanintata ta sake motsawa. Na kwantar da gashin sama a kai, na ɗan karkata tukkun, na zagaya shi ta kowane gefe ina dubawa. Babu idon da zai gane, balle ido sabon aiki. Na yanke shawara ba zan ce komai ba.

Washegari da yamma mota ta sauke Mama da baƙin tabarau a fuska. Zaki yana jin muryarta ya ruga, gashi yana tashi a bayansa. Ta zauna a kujerarta ta ɗora shi a cinya, ta cire tabarau a hankali. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye yana bin kumatunta. Sai kuma ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ashe haka fuskarka take, kamar an zauna a kanta? Shekara huɗu ina ce maka kyakkyawa, ba wanda ya gaya mini gaskiya." Ta ɗaga kunnensa ta ce ba ta san akwai ruwan zuma a jikinsa ba, ta ɗauka fari ne fat. Daɗi ya cika ni, na ce a raina na tsira.

Sai ta rufe idanunta, ta fara shafa shi yadda ta saba, daga tukku zuwa wuya. Hannunta ya gangara bayan kunnen hagu ya tsaya. Ta kai hancinta kusa da gashin ta shaƙa. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ƙanshin karkashi nake ji." Yatsanta yana nan a kan ramin.

Na durƙusa a gabanta na zayyane mata komai, tun daga man kaɗanya har gwangwanin madara. Da na zo kan kalaba da duwatsun ado ta yi dariya har ta dafe idon tana cewa in yi a hankali, likita ya hana ta jijjiga. Da na zo kan Inna ta jefar da leda sai ta gyaɗa kai. Bayan na gama ta kama hannuna ta shafa yatsuna da ƙaya ta farfasa, ta ce, "Gashi zai tsiro, 'yata, wannan ba komai ba ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne lafiya ƙalau ɗin da kika ce mini a waya, da wannan rufin da kika yi. Idon nan baƙo ne, shekaranjiya ya zo. Hannun nan shi ne ɗan gida, shi kika manta da shi."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma da sharaɗin in raka ta Roni ta ga matar da ta ba karenta miyar baƙinta. Mun je bayan mako biyu. Tsofaffin nan biyu suka zauna a tabarma ɗaya suna hira kamar tare suka tashi. Tun daga shekarar, duk kaka sai Inna ta aiko da ƙullin karkashi Kazaure, ta ce a kai wa ɗan sarakuna, kuma da shi Mama ta ci gaba da wanke shi.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ya bi ni har cikin sana'ata. Na gane cewa idan aka ba ka amana, yadda mai abu ya ce za ka yi, ba yadda kake ganin ka fi shi sani ba, don sanin da na yi wa kan mutum shi ne ya kusa raba tsohuwa da abin da ta jira shekara huɗu ta gani. Na kuma gane cewa idan ka yi ɓarna gara bakinka ya riga hannun mai abu isa wurin. Yanzu duk macen da ta zauna a gabana, kafin in taɓa mai ko mataji sai na tambaye ta abin da kanta yake so. Idan kuwa hannuna ya kuskure, ba na kwantar da gashi a kai, madubi nake miƙa mata in nuna mata wurin da yatsana.